Sanyin Ƙashi Ba Iri Ɗaya Ba Ne

Da zarar hunturu ya sauko a ƙasar Birnin Kudu, tun daga Sundimina har ya zuwa Gwaram, ba abin da za ka riƙa ji a majalisa da bakin kasuwa sai kukan sanyin ƙashi. Tsoho ya ce gwiwa ta hana shi tsugunno, matar aure ta ce yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, yaro ɗan firamare ya kwana yana kukan idon sawu. Dukansu suna ɗaya mu ke ba su, ko mu ce sanyi ko mu ce amosani, magani ma ɗaya a ke nemo musu: a shafa man zafi, a sha jiƙo, a sayo ƙwaya a kemis. To, abin da mu ke so mu bayyana wa masu karatu yau shi ne, waɗannan mutum uku ba ciwo ɗaya ke damunsu ba. Na tsohon sau da yawa gugar shekaru ce, gaɓa ta cinye kamar yadda turmi ke cinyewa. Amma na matar da na yaron, mai yiwuwa ne ba sanyi ba ne ko kaɗan, jininsu ne da kansa ya tasam musu. Na yaron kuwa shi ya fi gaggawa, shi ne kuma wanda malamin makaranta zai iya riga likita gani.

Dogaran jini

Cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, likitoci na ce da su antibodi. Bari mu kira su dogaran jini, gama aikinsu ke nan. Fararen ƙwayoyin jini ke ƙera su, siffar kowane ɗaya kamar gwafa mai baki biyu, kuma kowane dogari kamannin ɓarawo ɗaya tak a ke ba shi. Wanda aka ƙera don ƙyanda ba ruwansa da sanƙarau. In ƙwayar cuta ta shiga jiki, cikin mako ɗaya ko biyu sai jini ya cika da dogaran da suka san ta, su maƙale mata, su kira sauran mayaƙan jiki su zo su gama da ita.

Ƙwayoyin da ke ƙera dogaran nan a cikin ɓargo a ke horar da su, akwai kuma jarrabawa. Duk wadda aka ga tana ɗaga hannu ga naman mai ita, sai a kashe ta ko a ladabtar da ita tun ba ta fito ba. Amma jarrabawar tana da kafa, waɗansu kan zille, su ƙera dogaran da ke kama 'yan gida. Su ne a ke kira otoantibodi. Cikin 1940 wani likita na ƙasar Norway, Erik Waaler, ya buga labarin irinsu da ya samu a jinin masu amosanin gaɓɓai. Cikin 1948 aka ga alamar wani iri a ɓargon masu ciwon lufus a Amurka, cikin 1956 kuma aka gano waɗanda ke cin maƙoƙo a Landan. Tun daga nan lissafi ya yi ta ƙaruwa.

Ciwon matar

Amosanin da Turawa ke kira rumatoyid ya fi kama mata, wajen mace uku ga namiji ɗaya. Ƙananan gaɓɓan hannu ya ke fara ci, dama da hagu lokaci guda. Babbar alamarsa ita ce sandarewa da safe: mace ta tashi da asuba ta kasa riƙe taɓarya ko muciya, sai hantsi ya ɗaga sa'an nan yatsu su saki. Gugar shekaru ba haka ta ke ba, ita aiki ke tayar da ita, hutu ya kwantar da ita. In aka bar rumatoyid shekara da shekaru sai ya karkace yatsu, abin da ya karkace kuwa ba ya miƙewa.

Lufus ya fi shi ɓoye kai. Mace tara ya ke kamawa kafin ya kama namiji ɗaya, yawanci masu shekarun haihuwa. Ga ciwon gaɓɓai, ga zazzaɓin da aka sha maganin cizon sauro bai tafi ba, ga zubar gashi, ga tabo a kumatu wanda rana ke ƙara masa ƙarfi. Inda ya fi ɓarna a ƙoda ne, domin dogaran kan dunƙule da abin da suka kama su toshe matatar ƙoda, har fitsari ya yi kumfa, ƙafafu su kumbura. Akwai kuma wani irinsu mai daskarar da jini a mahaifa, mace ta yi ta ɓari ana cewa sammu ne, alhali akwai gwajinsa, akwai maganinsa.

Da can an ɗauka waɗannan cututtuka ba na baƙar fata ba ne. Cikin 1968 wani likita Bature, Brian Greenwood, ya bi littattafan asibitin jami'a na Ibadan, ya ga masu rumatoyid da lufus 'yan kaɗan ne ƙwarai in an gwada da Ingila. Ya kawo shawara cewa mai yiwuwa yawan fama da zazzaɓin cizon sauro ne ke sauya halin garkuwar jikinmu. Shi ne daga baya ya zo Zariya cikin 1970, ya yi shekara goma a Jami'ar Ahmadu Bello. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, masana na tattauna ta har yanzu. Amma cikin 2010 Farfesa Olufemi Adelowo da abokan aikinsa suka buga bayanin masu rumatoyid 200 daga ɗakin duba marasa lafiya guda ɗaya a Legas. A ganinmu, wani kaso na ƙarancin nan na rashin mai dubawa ne. Matar ƙauye da yatsunta suka karkace ba ta shiga littafin kowa.

Magani akwai. Ga rumatoyid a kan ba da metotireset, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, kuma mai ciki ba ta sha. Ga lufus a kan ba da wani ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da kowa ya sani. Abin gudu shi ne ƙwayoyin firednisolon da desametason da a ke saye a kemis ba da umarnin likita ba. Suna kwantar da ciwo cikin dare ɗaya, don haka jama'a ke yaba su, amma in an daɗe a kansu sai fuska ta kumbura, ƙashi ya rube, hawan jini da ciwon sukari su biyo baya.

Takardar gwaji

Malamai da akawuna su ne a ke kawo wa takardar asibiti su karanta wa dangi, saboda haka ya kamata su san abin da haruffan nan ke nufi. RF shi ne dogarin da Waaler ya gano. A kan same shi ga wajen mutum 7 cikin 10 na masu rumatoyid, amma a kan same shi kuma ga mai tarin fuka, da mai ciwon hanta, da tsoho mai lafiya. Greenwood da abokansa sun nuna cikin 1971 cewa yana da yawa a jinin 'yan Nijeriya waɗanda ba abin da ke damun gaɓɓansu. Gwajin CCP, wanda ya fito daga binciken da aka yi a Holan cikin 1998, ya fi shi faɗin gaskiya. ANA shi ne na lufus, kusan duk mai lufus yana da shi, amma wani bincike na 1997 ya same shi ga wajen mutum 13 cikin 100 na masu ƙoshin lafiya. Ga kuma abin mamaki ta ɗaya gefen: cikin 2003 aka duba tsohon jinin sojojin Amurka 130 da suka kamu da lufus, aka tarar 115 daga cikinsu dogaran sun bayyana tun kafin likita ya gano ciwon, wani ma da shekara tara. Watau takarda shaida ce guda ɗaya, ba hukunci ba ce. Alƙalin shi ne likitan da ya taɓa gaɓar da hannunsa.

Ciwon yaron

Yanzu mu zo ga yaron. Da farko a tabbata ba amosanin jini ba ne, watau sikila, gama wannan gado ne, hanyarsa dabam. In ba shi ba ne, sai a tambayi uwar: mako biyu ko uku da suka wuce, ya yi ciwon maƙogwaro?

Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana wucewa da kansa. Amma akwai wanda wata ƙwayar cuta mai suna sitiref ke kawowa, ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. A kan gane shi da zazzaɓi, da zafin haɗiya, da kaluluwa a wuya, wani lokaci da farin ruwa a ganda, galibi ba tari ba majina. Numfashi da kaki ke yaɗa shi, saboda haka aji mai cunkoso, da ɗakin kwanan ɗalibai, da zauren da almajirai ke kwana jiki da jiki, nan ne gonarsa. Jiki kan ƙera dogarai su kama sitiref, maƙogwaro ya warke, kowa ya manta. To, ashe rigar ƙwayar nan ta yi kama da naman zuciyar mutum. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma dogaran jini ba su san wannan karin magana ba. Cikin 1962 Melvin Kaplan, a Amurka, ya nuna cewa dogaran da zomo ya ƙera don sitiref suna maƙale wa naman zuciyar ɗan Adam. Ba kowane yaro abin ke samu ba, ba su fi uku cikin ɗari ba, amma wanda ya samu ya shiga zazzaɓin amosani.

Ciwon yawo ya ke yi: yau gwiwa ta kumbura ta yi zafi, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, gata gwiwar hannu. Wani yaro kuwa, musamman 'yan mata, sai bayan watanni abin ya fito ta wata fuska, domin dogaran sun taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsi. Yarinyar da a da rubutunta tsaf ya ke sai ya jagwalgwale, fensir ya riƙa suɓuce mata, tana yamutsa fuska, tana fizgar kafaɗa ba da son ranta ba, ga saurin kuka. In ta yi barci abin ya tsaya. A makaranta a ce iskanci ne a ɗauko bulala, a gida a ce iska ce a ɗauko hayaƙi. Malam, wannan yarinya asibiti ta ke bukata.

Gaɓɓai suna warkewa sarai, fizgar ma tana wucewa. Zuciya ce ba ta mantuwa. Tana da ƙofofi huɗu, kowace da ƙyaurenta mai buɗewa ya rufe da kowane bugu. Duk sa'ad da sitiref ya komo, dogaran su sake far wa ƙyauren, ya yi tabo, har ya kai ga ba ya rufuwa sosai ko ba ya buɗuwa sosai. Sai bayan shekaru a ga saurayi yana haki daga ɗan noma kaɗan, ko yarinya ta yi cikin fari numfashi ya gagare ta. Don haka duk macen da ta taɓa yin wannan zazzaɓi ta faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko.

Daga 2010 zuwa 2012 likitoci suka rubuta masu wannan ciwon zuciya 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman. Farfesa Mahmoud Sani na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana cikin waɗanda suka yi aikin. Rabin marasa lafiyan ba su wuce shekara 28 ba, kashi biyu cikin uku mata ne, kuma cikin shekara biyu wajen mutum 17 cikin kowane 100 sun rasu. A duniya duka an ƙiyasta ciwon ya kashe mutum 319,000 cikin 2015. In ƙyauren ya lalace sai tiyata, kuɗinta kuwa ya fi ƙarfin manomin Sundimina nesa ba kusa ba.

Abin takaicin shi ne tun 1950 aka tabbatar, a wani sansanin soja na Amurka, cewa fenisilin na tare wannan hanya tun daga bakinta. Allura ɗaya, ko ƙwaya ta kwana goma cif, in an fara cikin kwana tara da somawar ciwon maƙogwaro. Kai yaro wurin wanzami a cire masa beli ba ya kashe ƙwayar, haka kuma shan maganin kwana uku a ajiye don zafi ya sauka. Ɗakin shan magani na gari ya isa wannan aiki. In kuwa gaɓɓai sun riga sun kumbura, sai a nufi babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, likita ya saurari zuciya, in ya ji ƙara ya sa a ɗauki hotonta, ko a nan ko a Kano. Za a ga an rubuta gwajin ASO. Wannan ba dogarin da ke kama ɗan gida ya ke aunawa ba, shaida ce kawai cewa sitiref ya ratsa kwanan nan, kuma yara da yawa masu lafiya suna da shi. Kada a ɗora wa yaro allurar shekaru saboda shi kaɗai.

Wanda aka tabbatar ya yi zazzaɓin, allurar fenisilin ce duk mako huɗu, aƙalla shekara 5 ko har ya kai shekara 21. In zuciya ta taɓu, shekara 10 ko fiye, waɗansu har iyakar rai. A nan a ke faɗuwa. Allurar tana da zafi, yaro ba ya jin ciwon komai, ga damina ta zo kowa yana gona, sai wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Cikin mutanen nan 3,343, kaɗan suka haura rabi waɗanda ke kan maganin rigakafin. A arewacin Yuganda an gwada abin a kan 'yan makaranta wajen 800 waɗanda hoto ya nuna zuciyarsu ta fara taɓuwa, aka buga sakamakon cikin 2021. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ba a yi wa allura ba ciwon ya ci gaba ga yara 33, cikin waɗanda aka yi wa kuwa ga yara 3 kacal. Maganinsu irin namu ne. Abin da suka ƙara shi ne ma'aikatan da ke riƙe da sunan kowane yaro da ranar allurarsa, suna tuna wa iyaye kafin ranar ta zo.