Zubar gashi: abin da ke biyo baya idan aka sauya ko aka haɗa magungunan shafawa

A Paikon Kore, garin da ke Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Birnin Tarayya, duk wanda gashin kansa ya fara zuba ba ya rasa mai nuna masa magani. Mai aski yana da kwalbar da yake yabawa, mai kemis yana da tasa, mai kitso tana da haɗinta na man kaɗanya da hulba, ga kuma tallace-tallacen Facebook da TikTok da ke alƙawarin cika kai da gashi cikin mako biyu. Abin da aka fi gani shi ne mutum ya sayi ɗaya, ya shafa na wata guda, ya ji shiru, ya koma wani, ko kuma ya tara uku a kansa lokaci guda. Kuɗi suna tafiya a banza, kuma akwai irin zubar gashin da idan aka makara wajen gano ta, gashin ba ya sake dawowa.

Tushen lamarin yana cikin yadda gashi yake rayuwa. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kowane sili da zangonsa. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sannan ya huta kimanin wata 3, ya faɗi, sabo ya fito daga raminsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Tsawon da gashi yake ƙarawa a wata kuwa kimanin santimita ɗaya ne. Maganin da aka shafa yau yana aiki ne a saiwar da ke ƙarƙashin fata, ido ba zai ga sakamakonsa ba sai bayan watanni. Wanda ya yanke wa magani hukunci a mako huɗu ya yi gaggawa.

Maganin shafawar da ya fi kowane hujja wajen sanƙo na gado shi ne minoxidil. Asalinsa ƙwayar hawan jini ce, likitoci suka lura masu shan ta gashi yana fito musu, sai aka mai da shi na shafawa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ruwansa mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ga maza a 1988, ga mata a 1991, mai kashi 5 kuma ga maza a 1997. Ƙa'idar ruwan ita ce mililita 1 sau biyu a rana a busasshiyar fatar kai, kuma akan ba shi wata 4 zuwa 6 kafin a ce ya yi ko bai yi ba.

Akwai wani hali na wannan magani da yake korar mutane da yawa tun kafin ya fara amfani. A makonnin farko, galibi tsakanin na 2 da na 8, zubar gashin takan ƙaru. Dalili shi ne maganin yana tayar da saiwoyin da ke hutu, sabon sili ya turo tsoho waje. Mai shafawa ya ga gashi ya cika matashin kai, sai ya tsorata ya jefar da kwalbar, alhali wannan zuba takan lafa da kanta. Hali na biyu ya fi wannan nauyi: minoxidil ba ya warkar da sanƙo, riƙe gashi yake yi muddin ana shafawa. Idan aka daina, abin da ya tsiro yakan zube cikin wata 3 zuwa 4.

Waɗannan halaye biyu su ne suke rikita lissafin masu sauya magani. A ɗauki magidancin da ya shafa minoxidil wata uku, ya gaji, ya koma man habbatus-sauda. A wata na huɗu gashi ya fara bayyana, sai man ya sha yabo, alhali aikin maganin farko ne ya nuna. A wata na bakwai gashin ya zube, sai a ce an sayar masa da man jabu. Haka nan mai jego da gashinta ya zube wata biyu ko uku bayan haihuwa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓin taifod: irin wannan zuba takan tsaya da kanta cikin watanni, kuma duk man da aka shafa a ƙarshe shi ke kwashe ladan. Da yawa daga cikin shaidun da ake yaɗawa a kafafen sada zumunta daga nan suka samo asali, ba tare da masu bayar da su sun yi niyyar ƙarya ba.

Ba kowace sauya ce ke da illa ba. Wanda ruwan minoxidil yake sa masa ƙaiƙayi da saɓa, sau da yawa sinadarin propylene glycol da ke cikin ruwan ne ke damun sa, kuma nau'in kumfa ba ya ɗauke da shi. Komawa kumfa mai ƙarfi iri ɗaya, ba tare da barin tazara ba, ci gaba ne da magani guda. Sauya kamfani ma haka yake, matuƙar sinadarin da ƙarfinsa ɗaya ne kuma kwalbar tana da lambar rajistar NAFDAC. Hawa daga kashi 2 zuwa kashi 5 yana iya dawo da zubar farko na ɗan lokaci, kuma ga mata yana ƙara yiwuwar fitowar gashi a fuska. Masu kashi 10 ko 15 da ake tallatawa a intanet kuwa FDA ba ta amince da su ba, kuma wani bincike da aka yi a Masar ya gano cewa mai kashi 10 bai fi mai kashi 5 amfani ba, sai dai ya fi shi cin fata.

Haɗa magunguna yana da ma'ana idan kowanne yana bin hanyarsa daban. Finasteride, wanda FDA ta amince da ƙwayarsa don sanƙon maza a 1997, yana rage sinadarin DHT da jiki ke samarwa daga testosterone, wanda shi ke sa saiwar gashi ta riƙa ƙanƙancewa. Shi ya sa likitoci sukan haɗa shi da minoxidil. Yanzu ana sayar da shi a matsayin na fesawa, wani lokaci a kwalba ɗaya da minoxidil, kuma mutane suna ɗauka cewa abin da aka shafa a fata yake tsayawa. Wani ɓangarensa yana shiga jini. A watan Afrilun 2025 FDA ta yi gargaɗi kan finasteride na shafawa da ake haɗawa a shagunan magani, bayan rahotanni 32 da ta samu tsakanin 2019 da 2024, waɗanda suka haɗa da raguwar sha'awa, raunin mazakuta da damuwa. Ga mai juna biyu haɗarin ya fi girma, domin maganin yana iya lalata halittar al'aurar ɗan tayi namiji, don haka bai kamata ta taɓa shi ba, kuma miji mai shafawa ya kula da matashin kai da hular da take wankewa.

Wani haɗin kuma yana ƙara yawan maganin da ke ratsa fata. Man tretinoin yana yin haka, haka ma abin mirginawa mai ƙananan allurai da matasa suke saye don kai da gemu. Wani bincike da aka buga a 2013 daga birnin Mumbai na Indiya, a kan maza 100, ya nuna cewa allurar tare da minoxidil ta fi minoxidil shi kaɗai, amma a hannun likitoci aka yi shi, sau ɗaya a mako. Fatar da aka huda ko ta kumbura tana barin magani ya shiga jini fiye da kima, kuma tunda asalinsa maganin hawan jini ne, yana iya kawo bugun zuciya, jiri ko kumburin ƙafa. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan ya dakata ya ga likita. Yin amfani da allura ɗaya ga mutane da yawa a shagon aski hanya ce ta yaɗa ciwon hanta nau'in B, kuma masu fatar da ke yin tabo mai tudu, musamman a ƙeya, ya fi musu su bar ta.

Mayukan gida kamar man kaɗanya, man kwakwa da man alayyadi suna tausasa gashi su rage karyewa, karkashi kuma yana wanke kai ba tare da busar da shi ba. Wannan amfani ne na gaske, sai dai tayar da saiwar da ta ƙanƙance wani aiki ne dabam. Idan za a haɗa su da minoxidil, magani ne farko a kan fata mai tsabta, a bar shi ya bushe, sannan mai ya hau silin gashi. Ana so a bar maganin awa 4 kafin a wanke kai, shi ya sa bayan sallar Asuba da bayan Isha'i suka fi dacewa ga mai yawan alwala, kuma a jira ya bushe kafin a ɗora hula ko ɗankwali ko a kwanta.

Babbar asara tana wajen waɗanda tun farko ba sanƙo ne da su ba. Paikon Kore tana da ɗaya daga cikin wuraren kiwo da aka keɓe a Birnin Tarayya, kuma a duk inda yara suke mu'amala da maruƙa ana iya ɗaukar makero daga dabba, kamar yadda ake ɗaukar sa daga injin askin da ba a tsabtace ba. Makeron kai yana cin gashi a zagaye, da saɓa da ƙaiƙayi, wani lokaci ya kumbura ya yi mugunya. Naman gwarin da ke kawo shi yana shiga cikin silin gashi, inda man shafawa ba ya kaiwa, don haka maganinsa na sha ne, irin su griseofulvin ko terbinafine, na tsawon makonni bisa umarnin likita. Mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa a kemis, waɗanda ke ɗauke da clobetasol ko betamethasone, suna kwantar da ƙaiƙayin, iyaye su zaci an warke, ciwon kuwa yana bazuwa a ƙasa. Idan ya kai ga tabo, wurin ya rabu da gashi ke nan. Minoxidil kuma ba a yi shi don 'yan ƙasa da shekara 18 ba.

Ga mata, cinyewar gaban goshi da gefen kai galibi daga matsattsen kitso, ƙarin gashi mai nauyi da ɗaurin da ke jan saiwa take zuwa. A farkonta tana warkewa idan aka sassauta, kuma babu man da zai yi tasiri ana ci gaba da ja. Akwai kuma wata zuba da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, wadda ta fi kama matan Afirka, tana zuwa da zafi ko ƙaiƙayi, tana barin fata sumul ba ramin gashi. Wannan tana buƙatar maganin kashe kumburi da wuri, kuma kowane watan da aka ɓata ana gwada mayuka, saiwoyi ne ke mutuwa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini da ciwon maƙoƙo ma suna zubar da gashi, gwajin jini ne ke gano su.

Mazauna Paikon Kore ba su da nisa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, inda akwai likitocin fata. Mai zuwa ya tafi da dukan kwalaben da ya shafa, har da na gargajiya, ya kuma faɗi lokacin da ya fara kowanne da lokacin da ya daina. Wanda aka tabbatar masa sanƙo na gado ne ya ɗauki hoton kansa a wuri ɗaya da haske iri ɗaya kowane wata, ya riƙa sauya abu ɗaya kawai a lokaci guda, ya ba shi wata 6. Idan kuwa zubar ta zo da zafi, mugunya ko tabo, ko ta faru farat ɗaya, ko a kan yaro take, wannan jira bai shafe shi ba, asibiti ya kamata a nufa tun a makon.