Sayar da hotuna da zane a kasuwannin intanet: abin da ya kamata iyalai su sani kafin su kashe kuɗi

A 'yan watannin nan matasa da dama sun zo teburinmu na bayani suna tambaya a kan saƙonnin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, masu cewa mutum zai iya samun dalolin Amurka idan ya ɗora hotuna a intanet da wayarsa. Iyaye ma sun zo, wasu saboda 'ya'yansu sun matsa a sayar da akuya ko a taɓa kuɗin abinci a sayi babbar waya. Gaskiyar magana ita ce sana'ar tana nan, kuma akwai masu ci da ita. Sai dai kuɗinta kaɗan-kaɗan yake shigowa, yana ɗaukar lokaci, kuma tana da haɗarin da ya fi shafar wanda ya baro gida saboda tsaro. Ba mu da wata alaƙa da kamfanonin da za mu ambata. Mun kawo sunayensu ne don ku gane yadda abin yake.

Wace irin kasuwa ce?

Masu talla, 'yan jarida, masu buga littattafai da masu haɗa bidiyo suna buƙatar hotuna, zane, kiɗa da gajerun bidiyo kullum. Maimakon su ɗauki mai hoto haya duk lokacin da buƙata ta taso, sai su biya kuɗin wata-wata ga wani kamfani da ya tara miliyoyin irin waɗannan kaya, su riƙa saukewa. Kamar mai biyan kuɗin wata a famfon unguwa ne, yana ɗiba duk lokacin da ya so. Daga cikin manyan kamfanonin akwai Shutterstock, wanda aka kafa a birnin New York a 2003, da Adobe Stock, da kuma Envato Elements na ƙasar Ostareliya, wanda Shutterstock ya saye a 2024.

Kayan da ke cikin rumbun ba kamfanin ne ya yi su ba. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke ɗorawa, kamfanin ya duba, ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya ɗora hoto bai sayar da shi baki ɗaya ba. Izinin amfani da shi kawai ake saye, hoton kuma yana nan a matsayin nasa. Saboda haka hoto guda zai iya kawo kuɗi sau da yawa, haka nan zai iya shekara ba wanda ya taɓa shi.

Yadda ake raba kuɗin

Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko, ana biyan mai hoto wani kaso duk lokacin da aka sauke aikinsa. A Shutterstock, sabon shiga yana farawa da kashi 15 cikin 100 na abin da mai saye ya biya. Kason yana ƙaruwa har zuwa kashi 40 ga wanda aka sauke hotunansa fiye da sau 25,000 a shekara, amma kowace ranar 1 ga Janairu kowa yana komawa matakin farko. Adobe Stock yana ba da kashi 33 a kan hoto da zane, kashi 35 a kan bidiyo.

Ta biyu ita ce wadda Envato Elements ya yi suna da ita. Ana ɗaukar rabin abin da ya rage daga kuɗin kowane mai biyan wata, bayan an cire haraji da makamantansa, a raba wa waɗanda ya sauke aikinsu a wannan watan. Misali, idan rabin ya kama dala 5, mutumin ya sauke kaya 10 iri ɗaya, ɗaya daga ciki naka ne, za ka samu santi 50. Idan kuwa kaya 500 ya sauke, santi 1 ne rabonka. Wannan kamfani ba ya karɓar kowa, sai ya duba aikin mutum tukuna. Dokokin dukkansu suna sauyawa, don haka a karanta su kafin a shiga.

Mu yi lissafi tare

Dalar da muke magana a kai ta Amurka ce, ba dalar kasuwa mai tamma biyar ba. Mu ɗauka dala ɗaya tana daidai da sefa 600, duk da cewa farashin yana hawa da sauka. Idan mai biyan wata ya sauke hoton sabon shiga a Shutterstock, abin da ake samu kan yi ƙasa har santi 10, wato sefa 60. Kuma ba a fitar da kuɗi sai sun taru. A Adobe Stock mafi ƙarancin abin da za a iya cira shi ne dala 25, kimanin jaka 15 ta sefa. Wanda ke samun santi 10 a kowane saukewa, sai an sauke aikinsa sau 250 kafin ya haɗa dala 25.

Daga nan kuma akwai haraji. Kamfanonin Amurka suna sa a cike takarda mai suna W-8BEN, kuma suna iya riƙe har kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi da masu saye a Amurka, idan ƙasar da mutum yake zaune ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi duk ba su da ita. Sai a haɗa da kuɗin data, kuɗin caji, da ladan masu tura kuɗi. Wanda ya yi wannan lissafi zai ga cewa a watannin farko abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa.

Ta ina kuɗin zai iso hannu?

A nan ne mutane da yawa suke maƙalewa. Kamfanonin ba sa ba da kuɗi hannu da hannu. Suna biya ta wasu kamfanonin tura kuɗi irin su PayPal da Payoneer, su kuma suna neman takardar shaida mai hoto, adireshi, sau da yawa har da asusun banki mai sunan mutum. Ba kowane kamfani ne ke karɓar katin shaidar ɗan gudun hijira ba. Dole ne kuma mai buɗe asusu ya kai shekara 18.

Saboda haka ku fara da wannan tambaya kafin ku ɗauki hoto ko ɗaya: da takardun da ke hannuna, zan iya karɓar kuɗin? Kada ku buɗe asusu da sunan wani ko da takardar aro. Idan aka gano za a rufe asusun, abin da aka tara yana iya salwanta. Idan ma ba a gano ba, kuɗin na mai sunan ne, ba ku da hujjar da za ku kama shi da ita ranar da ya ƙi ba ku.

Fuskokin mutane: inda muka fi damuwa

Hoton da aka ɗora a irin wannan kasuwa, kowa a duniya zai iya ganinsa ya saya. Zai iya fitowa a allon talla, a jarida, ko a hannun wanda kuka gudo saboda shi. Ko kun goge shi daga baya, wanda ya riga ya saya yana da izinin ci gaba da amfani da shi. A cikinmu akwai waɗanda ake nema, akwai waɗanda 'yan uwansu ke hannun masu garkuwa, akwai matan da ba sa son a san inda suke. Hoto ɗaya zai iya tona asirinsu.

Kamfanonin ba sa karɓar hoton talla mai fuskar da za a iya ganewa sai da takardar amincewa mai sa hannun mutumin. Idan yaro ne, uba ko uwa ko mai riƙonsa ne zai sa hannu. Muna roƙon kada kowa ya dangwala yatsa a irin wannan takarda sai an karanta masa ita da harshen da yake ji. Kowa yana da 'yancin ya ce a'a, kuma ƙin yarda ba zai taɓa rabon abincinsa ko wani taimako da yake samu ba. Shawararmu ita ce kada a ɗora fuskar kowa daga sansanin nan, musamman yara. Haka nan kada a ɗauki lambar tanti, katin rabon abinci, layin asibiti ko shingen jami'an tsaro.

Me ya rage da za a iya ɗauka?

Da yawa. Aikin hula da ɗinkin wuyan riga, saƙar faifai da tabarma, zanen ƙwarya, zanen lalle da aka yi a takarda, gero da dawa da kuka da barkono a cikin kwano mai tsabta, hannun mai saƙa ba tare da fuska ba, dabbobi, hadarin damina. Irin waɗannan ba su kai hotunan biranen Turai yawa a kasuwar ba. Dole aikin ya zama naku ko kun samu izinin mai shi. Hoton da aka kwaso daga intanet sata ce, kuma yana jawo rufe asusu.

Shutterstock da Adobe Stock suna neman hoto mai girman akalla megafiksel 4, wanda yawancin wayoyin zamani suna iya ɗauka. Ya fito sarai, ba dishi-dishi ba, hasken safe ko na la'asar ya fi na tsakar rana. Kada tambarin wani kamfani ko wata hukuma ya fito a ciki, har da namu da ke jikin tampol da bokiti. Kowane hoto yana buƙatar suna da kalmomin da mai nema zai rubuta ya same shi. Shutterstock yana so da Ingilishi, Adobe Stock yana karɓar Faransanci ma.

Ku yi hattara da 'yan damfara

Buɗe asusun mai ɗora aiki a Shutterstock da Adobe Stock kyauta ne. Duk wanda ya ce ku biya kuɗin rajista, ko ya yi alkawarin dala kaza kowace rana, ko ya ce ku kawo mutum biyar kafin a biya ku, ɗan damfara ne. Kada ku tura wa baƙo hoton katinku na shaida, kada ku faɗa wa kowa lambar sirrin da aka turo muku ta waya. Babu ma'aikacinmu da aka ba izinin karɓar kuɗi ko hotunanku da sunan wannan sana'a.

Shawararmu ga iyalai

Kada a sayar da dabba, kada a ci bashi, kada a rage abincin yara saboda wannan. Wanda yake da waya da sha'awa ya gwada da abin da ke hannunsa, ya yanke wa kansa iyakar abin da zai kashe a data kowane wata, ya rubuta abin da ya fita da abin da ya shigo, bayan wata shida ya zauna da iyalinsa su duba. Ko kasuwar intanet ba ta biya ba, iya ɗaukar hoto mai kyau da iya zane sana'a ce da ake nema a kusa: masu ɗinki da masu shago suna son hoton kayansu, masu biki da suna suna son katin gayyata, kuma su a hannu suke biya.

Wanda aka ɗauki hotonsa ko na ɗansa ba da yardarsa ba, ko aka karɓi kuɗinsa da sunan wannan aiki, ya zo ofishin kariya ko ya saka takarda a akwatin koke. Za mu saurare shi cikin sirri. Mai son a duba masa takarda kafin ya sa hannu ya kawo ta teburin bayani a ranakun aiki. Dukkan ayyukanmu kyauta ne. Muna roƙon waɗanda suka iya karatu su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani.