Baƙo a Birnin Guangzhou

Guangzhou babban birni ne a kudancin ƙasar Sin, a bakin Kogin Lu'ulu'u. 'Yan kasuwar Kano da Yamai sun san shi, don can suke zuwa saro kaya. Tun shekarar 1957 ake yin babbar kasuwar baje koli a birnin, sau biyu a shekara.

Ban da kasuwa, akwai wuraren kallo. Masallacin Huaisheng yana cikin masallatai mafi tsufa a ƙasar. Hasumiyar Canton kuwa, wadda aka buɗe a 2010, tsawonta ya kai mita 600. Da dare mutane sukan shiga jirgin ruwa su kalli fitilun gari.

Wajen abinci ne baƙo Musulmi zai lura. Mutanen garin sukan karya kumallo da shayi da ƙananan ƙullin fulawa da aka turara, amma galibi akwai naman alade a ciki. Gara ya nufi unguwar Xiaobei, inda Musulmin Sin suke sayar da taliyar hannu cikin romon naman sa. Kafin ya zauna, sai ya nemi alamar "qingzhen" a ƙofa, wato halal.