Laba Ko Kilo? Ki San Nauyin Jaririnki

Uwargida, yawancin sikelin da ake sayarwa a kasuwa suna ɗauke da awo iri biyu: "kg", wato kilo, da "lb", wato laba. A asibiti da kilo muke aiki, shi ne kuma ake rubutawa a katinki na awo.

Kilo 1 daidai yake da laba 2.2. Idan sikelin gida ya nuna laba, sai ki raba lambar da 2.2. Jariri mai laba 7 yana da kusan kilo 3.2 ke nan. Hanya mai sauƙi ita ce ki raba biyu, sannan ki cire kashi ɗaya cikin goma: laba 140, rabinta 70, a cire 7, saura kilo 63.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da kilo likita yake lissafa maganin yara. In kika ce nauyin yaro 10 alhali laba kike nufi, za a iya ba shi fiye da ninki biyu na abin da ya kamata.

Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5, wato laba 5.5, yana bukatar ɗumi da nono akai-akai. Ko a gida kika haihu, a kawo shi a auna.