Kala-azar: Abin da Ya Yi wa Asiya Magani Bai Ishi Gadarif Ba

A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Bangaladash ta ci ƙarfin kala-azar, nau'in cutar lishmaniya mafi kisa, mai kumbura saifa tana ramar da mutum bayan doguwar masassara. Sai dai nauyin cutar ya riga ya karkato Gabashin Afirka, inda ake samun kusan kashi 70 cikin ɗari na masu kamuwa a duniya, rabinsu yara. Jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa da dama ke noma a gaɓar kogunan Rahad da Atbara, tana cikin wuraren da ta fi kafa gindi.

Babban bambancin daga ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta yake. Na Asiya a ɗaki yake fakewa, don haka feshin bango ya rage shi. Na Sudan a waje yake cizo, ya fi yawa inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani, a dajin aduwa da ƙaya. Ɗan ƙwadagon da ya zo yankan riɗi da dawa a gona yake kwana. Wane bango za a fesa masa? A ganina nan ya kamata kuɗin bincike su fara zuwa, a san inda ƙwaron ke hayayyafa, a kuma tantance ko akwai dabbar da ke ɗauke da cutar.

Gwajin gaggawa na rK39, da ya dace da Indiya, a Sudan yakan kuskure masu ciwo. Magani ma haka. A Indiya ƙarin ruwa ɗaya na AmBisome kan wadatar, a nan kuwa allura biyu ake yi kullum har kwana 17 a gadon asibiti, ɗayarsu tana iya taɓa zuciya. Uwar da za ta bar gona da sauran 'ya'ya tsawon wannan lokaci takan jinkirta har ciwo ya yi nisa, alhali fiye da kashi 95 na waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi. Ƙungiyar DNDi da kamfanin Novartis sun fara gwada ƙwayar sha mai suna LXE408 a Habasha da Indiya, kuma aiki ne da ya cancanci tallafi.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya turo dubban 'yan gudun hijira Gadarif, ga yunwa, wadda ke buɗe wa cutar ƙofa. A irin wannan hali ne annobarta ta kashe mutum kusan 100,000 a kudancin Sudan tsakanin 1984 da 1994.