Gyambon Ciki: Yaƙin Da Ba Ya Ƙarewa Tsakanin Ƙwayar Cuta Da Garkuwar Jiki

Da wuya mutum ya shiga gida a ƙasar nan ya rasa mai kukan gyambon ciki, wanda jama'a suka fi sani da olsa. Wani ya ce yunwa ce ta jawo masa, wani ya ɗora laifin a kan barkono, wani kuwa ya ce yawan tunani ne. Su kansu likitoci sun daɗe suna ganin cewa ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa don narkar da abinci shi ne tushen matsalar, kuma sun yi imani babu wata ƙwayar cuta da za ta iya rayuwa cikin wannan tsami. Ashe ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

A cikin shekarar 1979, wani likita mai suna Robin Warren, a birnin Perth na ƙasar Ostareliya, ya lura da waɗansu ƙwayoyin cuta masu siffar murɗaɗɗen zare a jikin naman tumbin da ake kawo masa don dubawa, kuma duk inda ya gan su sai ya ga kumburi. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, har suka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin bincike a 1982. Da abokan aikinsu suka ƙi gaskata su, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984. Bayan 'yan kwanaki ya soma amai, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. Sunan wannan ƙwaya a yau Helicobacter pylori, kuma saboda gano ta aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Nobel a 2005.

To, yaya take tsira a inda nama ma narkewa yake yi? Mai karatu ya san yadda masu fama da ƙwannafi kan jiƙa kanwa su sha don kashe tsami. Ita ma haka take yi, sai dai da kanta take haɗa tata kanwar. Tana da wani sinadari da ke farfasa yuriyar da ke cikin tumbi ya mai da ita amoniya, wadda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Daga nan sai ta kaɗa 'yan wutsiyoyinta ta nutse cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, inda tsamin ba shi da ƙarfi, ta maƙale. Galibi tun ana yara ake ɗaukar ta, ta hanyar miyau ko amai ko ruwa da abincin da najasa ta gurɓata, kuma idan ba a yi magani ba takan zauna har ƙarshen rayuwar mutum. An ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita.

Jiki kuwa ba ya zura mata ido. Da zarar ta maƙale, bangon tumbi kan aika da saƙon neman ɗauki, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne mayaƙan jiki, su yi dafifi zuwa wurin. Sai dai abokiyar gaba tana fake cikin yauƙi, inda ba sa iya kai mata hannu sosai. Dafin da suke zubawa don su hallaka ta, yawancinsa a kan bangon tumbin yake sauka. Wannan ne kumburin da Warren ya gani, wato babban rabo na ɓarnar daga makaman jiki yake fitowa.

Daɗin daɗawa, ƙwayar gwanar ɓad da kama ce. Fatarta da wutsiyoyinta ba sa tayar da masu gadin jiki kamar yadda na sauran ƙwayoyin cuta ke yi. Tana fitar da wani dafi da ke hana wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini hayayyafa, waɗansu jinsunanta kuma suna da wata irin allura da suke tsira wa bangon tumbi su ɗura masa sinadarin da ke ɓata tsarinsa. Bugu da ƙari, a cikin rundunar jiki akwai waɗanda aikinsu shi ne tsawatarwa don kada faɗa ya wuce kima, ita kuwa sai ta riƙa ƙarfafa musu gwiwa. Da ɗan gari akan ci gari. Ta haka yaƙin kan yi shekaru, jiki bai kore ta ba, kuma bai ajiye makami ba.

Ƙarshen wannan yaƙi ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kimanin mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne kan samu gyambo, domin idan kumburi ya raunana bango, sai tsami ya samu hanyar cin nama. A wurin mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kumburin shekara da shekaru kan zaizaye bangon har ya rikiɗe ya zama sankarar tumbi, abin da ya sa cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin jerin masu haddasa sankara a 1994. Akwai ma wata sankarar da ba a cika samu ba, wadda ke tasowa daga su fararen ƙwayoyin jinin da suka taru a tumbi. Abin mamaki, idan aka gano ta da wuri aka kashe ƙwayar cutar, sau da yawa sankarar takan baje.

Ƙasarmu tana da wuri a cikin wannan labari. Wani likita ɗan Ingila mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya bayyana a 1992 cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suka gwada a yankin sun kamu da ƙwayar, har da ƙananan yara, amma kuma ba a cika ganin sankarar tumbi ba. Ya kira wannan al'amari wasa ƙwaƙwalwar Afirka. Waɗansu masana suka ce tsutsar ciki ce ke karkatar da hankalin garkuwar jiki har kumburin ya yi sauƙi, kuma wani gwaji da aka yi da ɓeraye a Amurka a 2000 ya ƙarfafa wannan zato. Waɗansu kuwa suka ja hankali da cewa ƙarancin kayan leƙa tumbi da rashin cikakken lissafin marasa lafiya ne suka ɓoye yawan cutar. Saboda haka kada wani ya saki jiki.

Darasin da ke cikin wannan duka a fili yake. Kanwa da madara da farin maganin ruwan nan na kwalba suna kwantar da zafi ne kurum, an kashe maciji ba a sare kansa ba. Mai fama da ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya nemi a gwada shi. Gwajin bayan gida ko na numfashi ya fi na jini, domin shaidar da yaƙin ya bari a jini takan daɗe ko bayan ƙwayar ta mutu. Magani kuwa haɗi ne na masu kashe ƙwayoyin cuta, galibi iri biyu ko fiye, da mai rage tsami, na tsawon kwana 10 zuwa 14, kuma wajibi ne a shanye shi duka ko da an ji sauƙi, don yankewa a tsakiya da shan magani barkatai su ne ke sa ƙwayar ta daina jin magani. A guji yawan shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, domin su ma suna jawo gyambo. Wanda ya ga baƙin bayan gida kamar kwalta, ko aman jini, ko rama babu dalili, ya garzaya asibiti.

Har yanzu babu allurar rigakafin wannan ƙwaya. Abin da ke hannunmu shi ne tsabtataccen ruwan sha, da wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, da barin tauna wa jariri abinci kafin a sa masa a baki, tun da yake a ƙuruciya ne baƙuwar ke shiga gida.