Kukun da Ke da Sauran Shan Ruwa

Mai karatu, a ce yau an ɗauko ka daga Gafasa, an bi da kai ta Gaya da Wudil, an yi ta miƙawa kudu har ƙasa ta ƙare, sai ga ka tsaye a gaban jirgin dakon kaya. A ce maka zaɓi aikin da kake so a ciki. Wanne za ka ɗauka?

Kada ka yi saurin cewa me ya haɗa Bakano da teku. Babur ɗin da ke kai ka kasuwa, injin ban-ruwan da ke fadama, wayar da ke aljihunka, yawancinsu a kan ruwa suka zo. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da duniya ke ciniki jirgin ruwa ne ke ɗaukarsu. Shi ya sa ma aka buɗe wa Kano tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki a watan Janairun 2023, don kwantena ta riƙa isowa har gida. Kayan kullum muna ganinsu. Mutanen da suka kawo su ne ba mu taɓa tambayar yadda suke kwana ba.

Kuma 'yan kaɗan ne. Ka tuna jirgin nan Ever Given da ya gicciye a mashigin Suez na Masar a watan Maris na 2021, ya tare hanya kwana 6? Tsawonsa mita 400, amma mutum 25 kacal ke aiki a cikinsa. Da yake ba su da yawa, kowa da igiyarsa, kuma ba mai taka ta wani.

Kyaftin ne a sama. Maganarsa ita ce doka, in kuma abu ya ɓaci wuyansa ake fara kamawa. Babban mataimakinsa shi ne mai lodi: shi zai ce wannan kwantena a ƙasa, waccan a sama, a ɗura ruwa a wannan tanki don jirgi ya daidaita, domin in nauyi ya rinjaya gefe guda an gama. Na biyu shi ke zana hanya a taswira. Na uku yana kula da kwale-kwalen ceto da kayan kashe gobara. Su ukun nan suna karɓa-karɓar tsaro a ɗakin tuƙi, awa 4 a tsaye, awa 8 hutu, dare da rana, ba Juma'a ba Sallah. Can ƙasa kuwa, inda ba a ganin rana, babban injiniya ne da yaransa, cikin zafi da ƙarar da sai an toshe kunne. A saman bene akwai shugaban leburori, shi ke raba aikin da ba ya ƙarewa: kankare tsatsa, shafa fenti, jan igiya. Gishirin teku ba ya hutu, don haka su ma ba sa yi. Ƙaramin ma'aikaci yakan yi wata 6 zuwa 9 bai ga iyalinsa ba.

Sai kuku. Shi ke riga kowa tashi, shi ne kuma kowa ke da bakin yi wa ƙorafi. Ba mai sara masa, ba mai neman shawararsa in hadari ya taso. Na san kyaftin ka zaɓa. To riƙe zaɓinka, mu je.

Babban jirgi da duk girmansa ba ya iya wasu abubuwa shi kaɗai. In jirgin dakon ɗanyen mai ya zo lodi a tsakiyar teku, sai an sa wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya riƙe shi ta baya da igiya, don kada iska da igiyar ruwa su juya shi. Irin wannan aiki jirgin Jascon-4 ke yi da asubahin ranar Lahadi, 26 ga Mayun 2013, a wurin lodin mai na kamfanin Chevron, kimanin kilomita 30 daga gaɓar Escravos a Jihar Delta. Mutum 12 ne a ciki. Kyaftin ɗan Yukiren ne, sauran duk 'yan Najeriya, har da samari huɗu masu koyon aiki. Kukunsu wani matashi ne ɗan Warri mai shekara 29, sunansa Harrison Okene.

A wannan ruwan akwai wata ƙa'ida: in dare ya yi, a kulle ƙofofi ta ciki. Ba wauta ba ce. 'Yan fashin teku sun addabi yankin, suna hawa jirgi da dare su kwashi mutane don kuɗin fansa. Shekaru bayan haka ma, a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duk duniya, 130 a tekun Gini aka ɗauke su. Da kai ne kyaftin, me za ka ce? A bar ƙofa buɗe ɗan fashi ya shigo, ko a garƙame? Kowa garƙamewa zai ce. Su ma sun garƙame, suka kwanta.

Wajen ƙarfe 5 na asuba Okene ya tashi ya shiga banɗaki, daga shi sai gajeren wando. Yana ciki wata ƙatuwar igiyar ruwa ta daki jirgin ta kifar da shi. Ƙasa ta koma sama, fitilu suka mutu, ruwa ya fara kwararowa. Ya yi ta kokawa da ƙofa har ta buɗe, ya fito lungu yana laluben hanyar fita. Abokan aikinsa uku suna gabansa, su ma ƙofar suke nema. Yana kallo ruwa ya yi awon gaba da su. Shi kuma ruwan ya kwashe shi ya jefa wani banɗakin na jikin ɗakin wani jami'i. Waɗanda ke barci a ɗakunansu, makullin da aka sa don ya tsare su shi ya tsare su.

Jirgi ya yi ta nutsewa har ya zauna a ƙasan teku a kife, zurfin mita 30, wajen gaba goma sha shida ke nan. Okene ya ɗaga kai cikin duhu sai ya ji hancinsa na shaƙar iska. Daga ina?

Ɗauki ƙwarya ka kifa ta a kan ruwan baho, ka danna ta ƙasa. Ruwa ba zai cika ta ba, akwai iskar da za ta maƙale a ciki ta rasa hanyar fita. Abin da ya faru da jirgin ke nan. Tsakanin fuskar ruwan da abin da ya zame masa rufi akwai 'yar iska da tsayinta bai fi mita ɗaya da 'yan kai ba. A cikinta ran kuku ya rataya.

Yanzu fa, mai karatu, tsaya ka sa kanka a wurin. Duhu ne wanda ko tafin hannunka ba ka gani. Ruwa mai sanyi ya kai maka ƙirji. Ba ka san ko dare ne ko rana ba. Kana jin ihun abokan aikinka ta cikin bango, a hankali ihun na raguwa, har ya ɗauke. Me za ka yi? Za ka riƙe numfashi ka nutsa neman ƙofa, alhali in ka ɓata hanyar dawowa shi ke nan? Ko za ka tsaya jiran ceton da ba wanda ya yi maka alkawarinsa?

Shi dai bai zauna ya rungume hannu ba. Ya lalubi hanya ya koma ofishin injiniya, inda iskar ta ɗan fi yawa. A laluben nan ya samu tocila da 'yan kayan aiki, da kwalbar Coca-Cola guda ɗaya. Ya gane cewa sanyi ne zai fara kashe shi kafin yunwa, sai ya ɓamɓaro allunan bango, ya haɗa da katifa ya yi ɗan dandamali, ya hau don rabin jikinsa ya fita daga ruwa. Ka lura, wannan ba injiniya ba ne, ba jami'i ba ne. Mutum ne da aikinsa yanka albasa da dafa shinkafar mutum goma sha biyu.

Sauran sai haƙuri. Ruwan gishiri ya saɓule masa fatar harshe. Ƙananan halittun ruwa suna ta cizonsa. Daga baya ya fara jin wari, sannan ya ji motsin kifaye a ɗakunan da ke kusa, ya kuma san abin da suke ci. Shi Kirista ne, ya yi ta maimaita addu'ar Zabura da matarsa ta turo masa a waya kafin hatsarin. Masana sun ce abu biyu suka hana iskar ta kashe shi. A wannan zurfi nauyin ruwa ya matse iskar ninki huɗu, don haka abin shaƙar da ke cikinta ya fi yadda girman wurin ke nunawa. Sannan ruwan yana tsotse wani ɓangare na gurɓatacciyar iskar da yake fitarwa. Amma ruwan yana ɗan hawa, iskar kuma ba ƙaruwa take yi ba.

A sama kuwa an riga an yanke ƙauna. An kira ƙwararrun masu nutso na kamfanin DCN Diving da ke wani aiki a nesa, suka taho a jirgin Lewek Toucan. Ba ceto aka kira su yi ba, ɗauko gawa aka ce. Ko shiga jirgin sai da suka sha fama, saboda ƙofofin nan a kulle suke ta ciki. Suka fara fito da gawarwaki ɗaya bayan ɗaya.

Okene ya ji ƙarar bugun ƙarfe. Ya ɗauki abin da hannunsa ya samu ya yi ta dukan bango. Sai ya hango haske ya gifta cikin ruwa, ya nutsa ya bi shi, hasken ya ɓace masa, ya dawo da ƙyar. Da kai ne, bayan ka ga ceto da idonka ya wuce, da sauran ƙarfin zuciyar da za ka sake jira?

Hasken ya dawo. Mai nutson wani ɗan Afirka ta Kudu ne, Nico van Heerden, yana tafe cikin ruwa mai laka da kyamara a hularsa, shugabansa Colby Werrett na kallon komai a allo daga sama. Sai ga hannu ya bayyana a gabansa. Ya ɗauka wata gawar ce, ya miƙa hannu ya kama. Hannun ya damƙe shi.

Yanzu kuma koma ka zama mai nutson. Kana cikin jirgin da ya kwana biyu a ƙasan teku, ka gama ɗaukar matattu, sai ɗaya ya riƙe ka. Wallahi da yawanmu nan take za mu saki komai mu nemi hanya. Shi ya firgita, amma bai gudu ba. Ya ɗaga kai cikin 'yar iskar nan, fitilarsa ta haska wani mutum zaune tsirara sai gajeren wando, ido zuru-zuru. Ranar Talata ce, 28 ga wata. Okene ya yi wajen awa 60 a wurin. Shi a lissafinsa bai wuce awa 12 ba.

Werrett ya yi ta lallashinsa ta na'urar magana, ya tambayi sunansa, ya tambayi muƙaminsa a jirgi. Ya ce shi ne kuku. Sai Werrett ya ce, kuku? Ai su kullum sukan tsira.

Za ka ce to sai a ja shi sama kawai. Da an yi haka da an kashe shi. Wanda ya daɗe yana shaƙar matsattsiyar iska a zurfi, iskar naitirojin takan narke ta shiga jininsa da tsokarsa. In aka fito da shi da gaggawa sai ta zama kumfa a cikin jijiyoyi, ta shanye jiki ko ta tsayar da zuciya. Don haka suka zuba masa ruwan ɗumi, suka sa masa hular nutso, mutumin da bai taɓa nutso da na'ura ba a rayuwarsa, suka sake shigar da shi cikin ruwan da ya kwana biyu yana gudu. Suka bi da shi lungu-lungu har cikin wata tukunyar ƙarfe da masu nutso ke sauka a ciki. Daga nan aka wuce da shi wani ɗaki rufaffe a kan jirgi inda ake rage matsin iska sannu a hankali. Sai da ya ƙara wajen awa 60 a kulle kafin ya ga sararin sama.

Cikin mutum 12, shi kaɗai ya fita. An samu gawa 10, mutum ɗaya ba a gan shi ba.

Ka zaci da ya koma Warri sai murna? Barci ya gagare shi. Yakan farka cikin dare yana ihu, yana jin gadon na nutsewa. Jana'izar abokan aikinsa ma bai iya zuwa ba, don yana tsoron idon iyalansu: me ya sa kai ka fito, namu bai fito ba? Wasu kuma, har a cocinsu, suka riƙa tambayarsa wane asiri ya yi. Halin ɗan Adam ke nan a ko'ina. Mutum ya shiga banɗaki a kan lokaci, ya ɓamɓare katako da hannunsa, ya jure abin da ba ya juruwa, amma mu laya muke nema a ƙugunsa. A watan Disamba na shekarar aka saki bidiyon ceton, duniya ta ga hannun nan yana fitowa daga cikin duhu.

Tun yana ƙasan teku ya yi wa Ubangijinsa alkawari cewa in ya fita, shi da teku har abada. Wa zai ga laifinsa? Ni da kai ko kogin Wudil aka ce mu tsallaka a kwale-kwale bayan irin wannan, sai mu ce mun fasa tafiyar. To faɗa mini, mai karatu, wace sana'a kake jin ya koma? Buɗe gidan abinci? Tuƙin mota?

Makarantar koyon nutso ya shiga. A 2015 Harrison Okene ya zama ƙwararren mai nutso, irin masu sauka ƙarƙashin teku su yi gyara a wuraren haƙar mai. Wanda ya miƙa masa takardar shaidar kammalawa kuwa shi ne Nico van Heerden.